Ɗigon Jan Farcen da Na Goge

Daga:
Emmett L. Pruitt,
Fili Mai Lamba 14,
Sansanin Hunturu na Dry Kettle,
Gundumar La Paz, Arizona.

Litinin, 13 ga Maris, 2023.

Zuwa ga:
Madam Lorraine Baca,
Shugabar Kwamitin Gudanarwa,
Sansanin Hunturu na Dry Kettle.

Ranki ya daɗe,

GAME DA: HUKUNCIN KARƁE FILI MAI LAMBA 14 DAGA HANNUN MADAM VERNA PRUITT SABODA LAIFIN JIKANTA

Bayan gaisuwa ta ban girma gare ki da sauran dattawan kwamiti, ina neman izinin gabatar da ƙorafi kan takardar da kuka aiko ranar Juma'a, 10 ga Maris. Takardar ta umarci kakata, Madam Verna Pruitt, ta sauka daga Fili Mai Lamba 14 kafin ƙarshen wannan wata, bisa Doka ta Tara, wadda ta ce duk filin da aka tayar da janareta a cikinsa sau uku ba a kan lokaci ba, a miƙa shi ga na gaba a jerin masu jira.

Shekaruna ashirin da huɗu, kuma ina da difloma a fannin adana takardu da tsara bayanai. Na ambaci diflomar ce domin kwamiti ya auna girman abin da na aikata, tunda aikin da aka horar da ni a kai shekara biyu cur shi ne rubuta abu kafin a taɓa shi.

Yadda abin ya faru

Kamar yadda kika sani, babu layin lantarki a sansaninmu. Fitilu da famfo da firijin motar da muke zaune a cikinta duk sun dogara ne da baturan gida guda huɗu, masu volt shida-shida, waɗanda marigayi kakana, Mista Harlan Pruitt, ya saka shekara takwas da suka wuce. A farkon hunturun nan, da na tuƙo Kaka daga North Dakota saboda idonta ya daina ba ta damar tuƙi, na lura ba sa riƙe caji. Na ce mata ta bar mini komai.

Na shafe mako uku ina zaɓen sababbin batura. Na zana jadawali mai layi ashirin da biyu. Na auna baturan lithium, na ga ba su da nauyi kuma suna daɗewa, amma ba sa karɓar caji cikin sanyin garinmu, tsohuwar cajar motar kuma ba ta dace da su ba. Na auna rufaffun da ba a zuba musu ruwa. Na auna masu shan ruwa irin na keken filin golf. Tun a rana ta farko Mista Duane Hofstetter na Fili Mai Lamba 11, wanda shi ne mai lura da dokokin sansani, ya leƙo ya ce, "Samari, sayo irin waɗanda za ka cire, ka huta." Na yi masa godiya, na shaida masa cewa ina bin tsari ne. Bayan mako uku jadawalin ya nuna in sayo irin waɗanda zan cire.

Ranar Talata, 7 ga Maris, da ƙarfe tara na safe na fara aiki. Ina so a lura cewa na sa tabarau da safar hannu, na cire agogo, na kuma fara kwance baƙar waya kafin ja, kamar yadda littafi ya tanada. Sai na ga wasu ɗigo-ɗigo jajaye a bakin kowace waya: wata ɗaya, wata biyu, wata uku. Na ɗauka tsatsa ce. Na kwaɓa garin soda, na ɗauki buroshin ƙarfe, na yi minti arba'in ina gurza har wayoyin suka yi ƙyalli. Ban ɗauki hoto ba, ban kuma zana komai ba. Daga baya na san cewa jan farcen Kaka ne, wanda kakana ya ɗiga domin mai ɗigo ɗaya ta koma wajen ɗigo ɗaya, mai biyu wajen biyu.

Na haɗa sababbin baturan ja da ja, baƙi da baƙi, yadda ake yi idan za a tayar da motar da ta mutu a hanya. Mita ta nuna shida da ɗoriya maimakon sha biyu. Na yanke hukunci cewa mitar ce ta lalace, na canza mata batir. Ta sake nuna shida. Fitilun ɗaki suka koma kamar kyandir, firiji ya yi ƙara sau uku ya mutu. A cikinsa akwai allurar ciwon suga ta Kaka, ta wata uku, takardar da ke cikin kwalin kuma ta yi kashedi kan zafi. Na kashe makunnin da ke raba batura da gida, wanda shi ne kaɗai abin kirki da na yi a ranar, sannan na jawo ƙaramin janareta na tayar.

Abubuwan da nake ƙorafi a kansu

1. An ƙirga laifi ɗaya sau biyu. Littafin Mista Hofstetter ya nuna tayarwa ta farko ranar Talata da ƙarfe 12:40 na rana, ta biyu da ƙarfe 2:15. Ina tabbatar wa kwamiti cewa ban kashe janaretan a tsakani ba. Shi ya mutu don kansa, saboda na manta ban duba mai ba. Tayarwa ta biyu ci gaban ta farko ce. Na yarda mantuwar sakaci ce, amma Doka ta Tara ba ta ambaci sakaci ba, da ta ambata da ban tsaya rubuta wannan takarda ba.

2. Ba a yi la'akari da dalilin lafiya ba. Na san lokutan janareta: takwas zuwa goma na safe, huɗu zuwa shida na yamma. Ni na sake buga su da kyakkyawan rubutu na liƙa a ɗakin wanki a watan Disamba, ba tare da an roƙe ni ba. Na karya su ne ina sane, domin firiji. A nan dole in faɗi abin da ke gaba da ni, tunda kwamiti ya riga ya ji. Madam Consuelo Arvizu, maƙwabciyarmu ta Fili Mai Lamba 15, tana da firiji mai aiki, taku goma sha ɗaya daga ƙofarmu. Da ta ji labari ta ce, "Haba ɗan nan! Kwali uku? Ai da ka miƙo mini ta taga, in ajiye kusa da cukuna." Ban miƙa ba, domin da na miƙa sai ta tambaye ni me ya sami namu. Ita ma Kaka ta ce mini, "Malam mai difloma, je ka kira Duane, ba ya cizo." Na ce mata na kusa ganowa. Na yi kusan kwana guda ina kusa ganowa. Ina roƙon kwamiti ya raba abu biyu: tsoron da na ji wa maganin na gaskiya ne, kunyar da ta hana ni tambaya kuwa tawa ce ni kaɗai, ba ta Kaka ba.

3. Tayarwa ta uku, ranar Laraba, 8 ga Maris, da ƙarfe 11:05, ba ni da abin cewa a kanta. Na san ta faɗo daidai lokacin da ake atisayen waƙar coci a rumfar taro, an kuma shaida mini cewa sai da aka maimaita baiti ɗaya sau huɗu. Ina ba mawaƙan haƙuri ɗaya bayan ɗaya. Abin da nake so a rubuta shi ne, da Mista Hofstetter ya iso da littafinsa, ya buɗe akwatin batura, bai kai rabin minti yana dubawa ba ya ce, "Wa ya goge ɗigon Verna?" Na ce ni ne. Ya cire hularsa ya sosa kai, ya ce, "Samari, waɗannan biyu-biyu ake ɗaure su, jan wannan a baƙin wancan, shida da shida su ba ka sha biyu. Kai ka jera su kamar 'yan makaranta, kowa na riƙe da shidansa." Ya sauya wayoyi, firiji ya tashi. Daga nan ya buɗe littafi ya rubuta laifi na uku, a tsaye a gabana, hannunsa duk maiƙo. Ba na zarginsa. Ina dai ganin laifin da aka gyara sanadinsa cikin minti huɗu bai kamata ya yi nauyin raba mutum da fili ba.

4. An ɗora hukuncin a kan wadda ba ta yi komai ba. Dokar ta ce "mai riƙe da fili," sunan Kaka ne kuma a rajista. Amma ita ba ta taɓa batir ba, ba ta ja igiyar janareta ba, kafaɗarta ma ba za ta bari ba. Hunturu goma sha tara ta yi a Fili Mai Lamba 14 babu ko gargaɗi ɗaya. Na duba rajistar da kaina, wannan aikin kam na iya shi. Na kuma duba jerin masu jira: wanda ya shiga yau, sai ya yi kusan shekara takwas kafin layi ya zo kansa. Shekarun Kaka tamanin da ɗaya.

5. An liƙa kwafin hukuncin a allon ɗakin wanki, wani kuma ya rubuta "Farfesa Volt Shida" a ƙasansa da alƙalami. Tun daga ranar har karen Fili Mai Lamba 3 ake nuna wa ni da wannan suna. Ba na neman a goge, domin mitata ta tabbatar da rabin sunan. Ina dai so a sani cewa ni ba farfesa ba ne, difloma ce gare ni. Abin da nake roƙo a cire shi ne sunan Kaka da ke saman takardar, inda take ganinsa duk ranar wanki.

Abin da nake roƙo

Na ɗaya, a mayar da laifin Talata ya zama ɗaya, jimilla ta koma biyu.

Na biyu, idan kwamiti ya ga ba zai iya ba, a cire laifukan uku daga sunan Madam Verna Pruitt a ɗora su a kan nawa. Idan dole sai wani ya bar sansani, ni zan fita. Akwai fili a bayan shinge inda zan kafa tanti, in riƙa shigowa da rana a matsayin baƙo ina kai ta asibiti da kasuwa. Na yi alkawarin ba zan sake buɗe akwatin batura ba sai Mista Hofstetter yana tsaye, ko da zuba musu ruwa ne. Buroshin ƙarfen yana hannunsa tun ranar Laraba. Kaka ta riga ta sake ɗiga jan farce a kan wayoyin, ta kuma rubuta sunana a murfin akwatin da kalmar "a'a" a gefensa.

Na uku, ina roƙon a saurari wannan ƙorafi a zaman kwamiti na Alhamis, 16 ga Maris, kada a bar shi zuwa na ƙarshen wata. Ga dalilina. Kwamiti ya san duwatsun da ke bakin filinmu. Duk hunturu kakana yakan ɗauko farin dutse ɗaya daga busasshen rafi, Kaka ta rubuta shekarar a jikinsa da jan farcenta, su ajiye a layi. Guda goma sha tara ne, biyun ƙarshe ita kaɗai ta ɗauko. Tun ranar Juma'ar da takardarku ta zo ba ta yi mini faɗa ba, ba ta ko ɗaga murya ba, da ta yi da na fi samun sauƙi. Sai dai kullum da yamma takan ɗauki biyu ko uku, gwargwadon abin da bayanta ya yarda, ta saka a kwali. Da na ce ta jira hukuncin ƙorafi, sai ta ce, "Ba zan bar wa baƙo shekaruna ya jingina keke a kansu ba." Ni kuma kullum da safe, kafin ta gama shan kofi, nakan fitar da su in mayar. Ya zuwa yau ta kwashe takwas, na mayar da takwas. Ta san ina yi. Yau da safe ta tsaya a ƙofa ta daɗe tana duban layin, sannan ta ce, "To, wannan dai ka jera daidai."

Na jera daidai ne saboda a wannan karon na ɗauki hoto tun ranar Juma'a, kafin ta taɓa ko ɗaya. Na haɗo shi da wannan takarda. Ina roƙon kwamiti ya dube shi kafin ya kaɗa ƙuri'a, ya kuma hanzarta, domin ban san kwana nawa bayanta zai ƙara jure wannan aiki namu ba.

Ina godiya da haƙurin karanta wannan doguwar takarda, ina kuma jiran hukuncinku cikin ladabi.

Naki mai biyayya,

Emmett L. Pruitt
(Jikan mai riƙe da Fili Mai Lamba 14, kuma mai laifin)

Abubuwan da aka haɗo:
(a) Kwafin takardar hukunci ta 10 ga Maris.
(b) Jadawalin zaɓen batura, layi ashirin da biyu, ko zai amfani wani.
(c) Hoton duwatsu goma sha tara, kowanne a mazauninsa.