Laifin kofaton jar goɗiya nawa ne

Da sunan Allah. Ina rubuta wannan da hankalina garau. Ciwon ƙirjin nan ya ci ƙarfina, na san tafiya ta kusa. Ku saurara, 'ya'yana, ku ukun.

1. Ɗan'uwanku Dogo bai yi laifi ba. Ni na yi.

Wata bakwai ke nan da jar goɗiya ta kama ɗingishi. In ta tsaya sai ta jingina nauyinta baya, kofatanta na gaba zafi zau. Ana gobe abin zai fara Dogo ya gyara mata kofato, sai na ce ya yanke har nama. A gaban maƙwabta na ƙwace wuƙarsa, na ce kada ya ƙara tako mini barga. Sai ya kwashe kayansa ya tafi.

Jiya likitar dabbobi ta zo. Ta shafa zoben da ya fito a jikin kofaton, ta ce wannan ba aikin wuƙa ba ne, kumburi ne daga ciki, hatsi ke kawo shi in dabba ta ci ya wuce kima. Ta tambaya ko goɗiyar ta taɓa samun buhu a buɗe. Wallahi ta taɓa samu. Ni na manta ɗakin hatsi a buɗe a makon, ta cinye kusan rabin buhun masara. Na ga tana lafiya lau, na share wurin, na ja bakina don kada uwarku ta yi mini faɗa. Ashe sai bayan kwana biyu ciwon ke bayyana. Shekara arba'in ina cikin dawaki, ban san wannan ba. Innalillahi.

2. Kai babbansu, na ji kana zancen sayar da ita ga masu yanka. Ban yarda ba. Likita ta ce sabon kofato yana saukowa daga sama, saura wata biyar ya kai ƙasa. A zuba mata yashi mai laushi a ƙasan barga, a ba ta ciyawa busasshiya kawai, ko ƙwayar hatsi kada ta gani. Auta, har da ke, na san ki da ba da abu a ɓoye. Gado kika yi.

3. Duk bayan mako shida a gyara kofaton, kuma Dogo kaɗai zai taɓa shi. Wuƙarsa tana ƙasan katifata, na wasa ta.

4. Shanu da gida a raba yadda addini ya tsara, ban sa baki ba.

5. A tara maƙwabtan da suka ji zagin, a ƙofar barga, a karanta musu takardar nan daga farko har ƙarshe. Kada a tsallake komai don rufa mini asiri.

Allah ya yi muku albarka, ya haɗa kanku. Ku riƙe uwarku, kuma kada wani a cikinku ya yanke wa ɗan'uwansa hukunci cikin fushi, kun ga inda ya kai ni.

Dogo, tun jiya ake kiran wayarka ba ka ɗauka. Ban ga laifinka ba. Ina tsoron in mutu ban ga fuskarka ba. In ka iso ka tarar an rufe ni, ka yafe wa ubanka.