Nawa Motar Tomohiro Za Ta Yi?

Suzaka, 9 ga Yuni

Zuwa ga ƙanena Kenzo,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan damina ta same ku lafiya kai da matarka Michiyo. Mu nan ruwa ya sauka, tuffa ta fara 'ya'ya, gwiwata kuma tana nan da halinta. Sau uku ina kiranka ba ka ɗauka ba, shi ya sa na koma ga biro da takarda kamar zamanin Baba.

Maganar motar ɗana Tomohiro ce. Shekara goma sha shida ke nan tana lulluɓe a rumfar bayan gida, tun da aka gyara ta bayan rasuwarsa. Duk wata sai na tayar da injin na goge ta, kai ma shaida ne. To, a layin ganin likitan ƙashi na haɗu da wani dillalin motoci. Ya ce irin wannan motar tsere, da zarar ta cika shekara ashirin da biyar, Amurkawa na iya shigar da ita ƙasarsu, kuma rububinta suke yi. Ya ce yen miliyan ashirin, a kuɗinmu na Japan. Miliyan ashirin, Kenzo! Sau biyu na sa ya maimaita.

Kai ka shekara talatin kana duba motoci a kasuwar gwanjo ta Nagoya, hatiminka a kan takarda ya fi rantsuwa ƙarfi. Ka zo ka duba ta ka rubuta mana takarda. Dillalin ya ce abu ɗaya ke karya farashi, wato harafin nan R da kuke sa wa motar da aka taɓa gyara ƙashinta. Ni dai a ganina gyaran da aka yi mata ya fi na kamfani kyau. Idonka kuma ai ya fara tsufa, ba wanda zai ga laifinka in wani abu ya wuce ka.

Na aiko muku da kankana biyu, irin masu tsadar nan da ke zuwa cikin akwatin katako. Matata Fumie na gaishe ku.

Yayanka,
Tsuneo

Nagoya, 3 ga Yuli

Yaya,

Ina gaisuwa, da fatan gwiwa ta yi sauƙi. Na iso gida lafiya. Ka yi haƙuri da yadda na taso ban tsaya cin abinci ba, ka ba Yaya Fumie haƙuri, na ga ta riga ta dafa taliyar soba.

Kankana kuwa, Michiyo ta yanka ɗaya kafin na buɗe wasiƙarka, don haka ba halin mayarwa. Na je kanti na tambayi kuɗinsu, na aiko maka da ganyen shayi na daidai wannan kuɗin. Kada ka kwana da tunanin akwai nauyinka a wuyana.

Ga takardar motar a cikin ambulan. Harafin R yana nan a saman kusurwa, ga hatimina a ƙasa. Injin lafiyarsa lau, wannan na yaba maka. Amma ina ɗora ma'aunin kaurin fenti a ɓangaren direba sai lambarsa ta ninka uku. Kan notocin ƙofa duk sawun sifana ne. Da na ɗaga kafet, ga walda tun daga ginshiƙin gaba har ƙarƙashin kujera, mai kauri kamar ɗinkin buhu. Da ba ta taɓa haɗari ba, miliyan goma sha tara za ta yi. A yadda take, bakwai, in mai saye ya yi kirki.

Ba waldar ce ta tayar mini da zuciya ba, Yaya. Ina ganin irinta goma kafin abincin rana. Kai ne. Ka fesa wa motar turare har sai da idona ya yi ruwa. Ka sa reza ka kankare sitikar ƙungiyar tseren su Tomo daga gilashin baya, inuwarta na nan ga mai ido. Ina kwance a ƙarƙashin motar da tocila a baki, ka sunkuyo kana cewa, "Rubuta cewa tsoho ne ya riƙe ta, kasuwa kawai yake zuwa da ita." Na ce wane tsoho? Ka ce, "Ni mana, ba ni nake tayar da ita ba?" Har da dariyarka.

Ni na raka ka ofishin 'yan sanda ran da aka janyo motar nan daga kwarin dutse. Ni na sa hannu aka ba mu takalminsa, don kai ka kasa riƙe biro. Da ka ce za ka gyara ta ka ajiye, kowa ya ce ka zare, ni kaɗai na ce a bar uba ya yi kukansa yadda ya iya. Yanzu kana so in buga hatimi a kan cewa ba wanda ya mutu a kujerar nan. Sayar da mota ba laifi ba ne, ƙarfe ne. Amma ka sayar da ita da abin da ya same ta.

Shekara talatin dillalai na cusa mini ambulan a aljihun riga ina jefa musu abinsu. Ban taɓa zaton daga gidanmu kankana za ta zo ba.

A gaida Yaya Fumie.

Ƙanenka,
Kenzo

Suzaka, 12 ga Satumba

Kenzo ɗan Baba,

Gaisuwa da fatan alheri. Zafi ya fara sassautawa, jajayen tuffa sun kusa tsinka, kwalinku na nan tafe. Ba ka zo bikin Obon na tunawa da magabata ba, ni kaɗai na wanke kabarin iyayenmu, amma ban riƙe ka ba. Na yi fushi da kai wata biyu, na kira ka sunayen da takarda ba za ta ɗauka ba. Yau na zo ban haƙuri, da hulata a hannu. Gaskiyarka ta yi rana!

Dillalin nan ya sa hoton takardarka a intanet, da lambar jikin motar. Ashe Tomo ba ƙaramin mutum ba ne a wurin masu tseren hanyar dutse. Akwai tsofaffin bidiyoyinsa da mutane ke kallo har gobe, har a ƙasashen waje. Wani attajiri a Yokohama, mai tara motoci a wani gida na gilashi, ya gane ta. Ya ce shekaru yake neman ainihin motar da Tomo ya yi tserensa na ƙarshe da ita. Ka san nawa ya taya? Miliyan talatin da biyu. Da ka bi maganata ka ɓoye harafin nan, da mun yi asarar sha biyu. Ka ga amfanin ƙane mai taurin kai.

Abu kaɗan ya rage. Yana son ƙarin takarda daga hannunka, ka zana masa daidai inda ƙarfen ya lotsa, ta ina bugun ya shigo, kujerar ta matsa da taku nawa. Za a sa ta a firam kusa da motar. Wannan karon ba ƙarya ko ɗaya, don haka ban ga inda za ka kafa hujja ba.

Ka gaida Michiyo, ka ce shayin ya yi daɗi.

Yayanka mai alfahari da kai,
Tsuneo

Suzaka, 24 ga Satumba

Zuwa ga Kenzo,

Ina gaishe ka da kyau, ina gaida 'yar'uwata Michiyo. Da fatan sauyin yanayi bai taɓa lafiyarku ba. Ka gafarce ni da rubutun nan, rabona da wasiƙa tun ina amarya. Yayanka bai san na rubuto ba. Ya nuna mini amsar da ka ba shi, layi ɗaya, cewa ba za ka zana komai ba. Na gode. Amma attajirin nan na Yokohama ya ce takardarka ta farko ma ta wadatar.

Ran Asabar suka zo su uku, da kyamara. Mutane masu ladabi, sun jera takalmansu a bakin ƙofa, sun kawo tsarabar biskit. Na ba su shayi. Sai babbansu ya tambaya ko akwai abin da ya rage na ainihin ranar. Ban san yayanka ya ajiye tsohuwar ƙofar da sitiyarin a saman rumbun tuffa ba. Ya hau tsani da gwiwar nan tasa ya sauko da su. Sitiyarin a lanƙwashe yake, Kenzo. Na san abin da ya lanƙwasa shi. Suka sa farar safar hannu suna juya shi, ɗaya yana cewa, "Kai, wannan ai taska ce." Yayanka ya ce, "Wannan kuɗinsa daban fa." Suka yi dariya gaba ɗaya. Ni kuma ina tsaye da faranti, na tambaye su ko a ƙaro shayi.

Sitikar da ya kankare, ya ba da an buga masa sabuwa ya manna, ya goga mata ƙasa don ta tsufa.

Na yi masa magana. Ya ce ɗanmu zai zauna a gidan gilashi ana girmama shi, me nake so kuma? Ni ban iya gardama ba, ka sani.

Ga roƙona. Mutumin ya ce saboda hatiminka ya yarda motar ce, don an sha kawo masa na bogi. In ka rubuta cewa ka yi kuskure, ba ita ba ce, ko ba ta taɓa haɗari ba, zai janye. Sai a sayar wa Amurkawa ko wa ye, su tuƙa ta ba su san komai ba. Na san abin da yayanka ya roƙe ka ke nan ka ƙi. Ni ma ga shi ina roƙo. Ba na son a biya kuɗi a kalli inda ɗana ya mutu.

Ka huta lafiya.

Matar yayanka,
Fumie

Nagoya, 8 ga Oktoba

Yaya Fumie,

Ina gaisuwa tare da girmamawa. Na ga wasiƙarki. Mako biyu tana aljihuna, sai yau na iya ɗaukar biro.

Na fara da hanyar da ba ƙarya. Na hau jirgin ƙasa zuwa Yokohama na nemi mutumin. Ya karɓe ni kamar wani babban baƙo, ya zagaya da ni. Mota tara, kowace da labarin wanda ya mutu a cikinta a rubuce a allon tagulla, ga sanyin na'ura, ga kiɗa a hankali. Ya nuna mini gurbin da ya share wa ta Tomo. Na ce masa mahaifiyar yaron na raye, ba ta so. Ya sunkuya har ƙasa, ya ce ya fahimta ƙwarai, zai ƙara miliyan ɗaya a matsayin ta'aziyya. Na fita na tsaya a bakin titi ina tofar da yawu kamar wanda ya haɗiyi ƙuda.

Da na dawo na rubuta takardar da kika roƙa. Na rubuta ta tsaf, cewa na yi kuskuren lambar jiki. Na buɗe jar tawada, na dangwala hatimi a ciki. Amma ban buga shi a takardar ba.

Zan iya ce miki ko na buga ba za ta yi aiki ba, zai kira wani ya ɗaga kafet ya ga abin da na gani. Wataƙila haka ne. Amma ba shi ya tsayar da ni ba, kuma ba zan yi miki ƙarya ba. Na tuna duk motar da na duba a shekara talatin, na ga dillalan nan suna nuna ni da baki suna cewa ashe shi ma. Sunana na ji wa tsoro. Wata uku ina ƙyamar yayana don ya sa wa ɗansa farashi, ga shi an ɗora sunana da hawayenki a sikeli na zaɓi sunana. Yanzu ko wuƙar aski na ɗauka ba na son kallon madubi.

Ban cancanci ki yafe mini ba, don haka ban roƙa ba. Michiyo ta ce ɗakin baƙi na nan in kina son ki huta kwana biyu.

Ƙanenki,
Kenzo

Suzaka, 2 ga Nuwamba

Kenzo,

Ina gaisuwa. Sanyi ya shigo, mun gama tsinkar tuffa.

Jiya suka zo da babbar mota mai rufi suka ɗauke ta, da ƙofar da sitiyarin. Na share rumfar. Ban yi fushi da kai ba, ko na yi ya wuce.

Suna shirin tafiya babbansu ya ce allon zai fi kyau da fuska. Yayanka ya shiga ɗaki ya ɗauko hoton Tomo na kan teburin addu'a, wanda nake ajiye wa shinkafa kowace safiya, ya ba su. Ya ce kyauta ce, tunda sun yi ciniki mai kyau. Sauran hotunan tun watan jiya dillalin ya kwashe.

Yau da safe na kai shinkafar na rasa gaban wa zan ajiye. In kana da hotonsa, ko na yarinta ne, ka aiko mini. Ka rubuta sunana ni kaɗai a bayan ambulan.

Ka gaida Michiyo.

Fumie