Kafen da Ban Sha Ba a Yamai

Maijirgi, ranar Litinin

Zuwa ga Damaris, hasken idona, ruwan farkon damina a kan busasshiyar gonata, inuwar tsamiya ga wanda rana ta dafa a hanya!

Ina gaishe ki gaisuwar wanda kewa ta rame. Ya Yamai, ya karatun unguwarzoma? Mako uku ke nan ina kiran wayarki, tana ƙara har ta gaji ta yi shiru. Gero ya fitar da kai, gyaɗa ta rufe ƙasa, kowa a Maijirgi fuskarsa a sake, ni kaɗai nake yawo cikin gona kamar wanda ya yar da wani abu bai san inda ya faɗi ba.

Jiya bayan sujada innarki Esta ta tsayar da ni a ƙofar majami'a. Ta ce kin ce Nathan ya canza, ya zo har Yamai ya zauna gabanki kamar baƙo, ko ruwa ya ƙi sha tare da ke. Wayyo Damaris! Ni ne zan canza miki? Ni da har yau nake jin ɗumin ludayin da muka sha fura da shi a kasuwar Tasawa, ke kurɓi ɗaya ni kurɓi ɗaya, ranar da ruwa ya kama mu a kan amalanken jaki, kika lulluɓe mu da zanenki kina dariya? Bari in faɗa miki abin da bakina ya kasa faɗa a ran nan.

Tun asuba na shiga mota, sai faɗuwar rana na iso. Washegari kika ce mu haɗu a babban otel ɗin nan na bakin kogi, inda ƙawayenki suke zuwa, don kina so in ga wuri mai kyau. Na zo da jaka, ƙuli-ƙulin da mamata ta soya miki da kwalbar zuma a ciki. Da na ga ƙofofin gilashi da ƙasa mai sheƙi kamar ruwan tabki, sai kunya ta kama ni, na bar jakar wurin mai gadi. Sai ga ki cikin shuɗiyar atamfa, kyakkyawa kamar wata ɗan kwana goma sha huɗu, har na manta da ƙurar da ke takalmina.

Aka kawo mana takardar farashi. Damaris, finjalin kafe da madara jika uku, sefa dubu uku cur! Lemun kwalba, wanda nake saya a tashar Tasawa ba tare da tunani ba, ya ninka har ban yarda da idona ba. Ruwa ma, ruwan Allah, da kuɗinsa! Abin da ke aljihuna kuɗin motar komawa ne da ɗan abin da ba zai kai finjali biyu ba. Sai na ce a kawo miki, ni cikina ba ya son kafe. Ƙarya na yi miki, farin cikin raina. Kika turo mini finjalinki in kurɓa, na kau da kai, don na ga idon mai hidimar a kanmu. Kina ba ni labarin jaririn farko da kika karɓa da hannunki, ni kuwa hankalina yana kan kada ki ce a ƙaro wani abu. Shi ya sa na yi shiru. Shi ya sa na ce sauri nake, na tashi. Jakar ma ban iya miƙa miki ba, da ita na dawo gida, mamata ta dube ta ta dube ni.

Wace irin wauta ce wannan, mutum ya ƙetare ƙasa guda don ya ga masoyiyarsa, sannan ya bar takarda ɗaya ta rufe masa baki? Kin yi zaton ƙauna ce ta ragu, alhali girman kai ne ya yi yawa. Na ji tsoron ki gan ni ƙarami a cikin wancan ɗaki mai sanyi, ki tuna cewa manomi ne kawai ke son ki. Da na faɗi gaskiya, na san dariya za ki yi, ki ja hannuna mu fita. Na sani, kuma ban faɗa ba. Ki gafarta mini, kurciyata.

Yanzu ranar Lahadi ina kallon gurbinki a layin mawaƙa, wata ce ke tsaye a wurin, muryarta ba ta kai kunnena. Da rana in zauna gindin gawo in buɗe abinci, in rufe. Kwanakin nan sun yi tsawo, Damaris, sun yi tsawo ƙwarai.

Baba Matthieu, yayan mahaifina, ya shirya zuwa wurin mahaifinki da zarar an yanke gero, don a nema mini aurenki. Na roƙe shi ya dakata, don ba zan aika dattijo ya nemi matar da ke fushi da ni ba. Kullum da safe sai ya tambaye ni ko kin yi magana, ni kuma in sunkuyar da kai. Kalma ɗaya nake jira daga gare ki, in ce masa ya tafi. In kin ce in jira shekara, zan jira. In kin ce biyu, ina nan, ba inda za ni.

Naki, yau da gobe, har ranar da Ubangiji zai kira ni,
Nathan