Na Mayar Da Motar Alhaji

Ƙofar Kwaya, Katsina
Yuni, 1976

Zuwa ga matata Sabuwa,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ya jiki, ya ruwan zafi? Ina fata kina shan kunun kanwar nan ba tare da kin turo wa mahaifiyarki Hajiya baki ba. Ya ɗanmu Abba, yana bari ki runtsa kuwa? Ki gaishe mani da Hajiya da duk mutanen gida.

Abin dariya, daga nan zuwa gidanku a Gobarau ko tsohuwa ba za ta gaji ba, amma ga ni ina rubuto maki wasiƙa kamar kina Ikko. To ya zan yi? Tun da kika tafi wankan jego, in na zo sai in tsuguna a zaure in gaida mahaifinki Alhaji, a miƙo mani yaro in leƙa fuskarsa, in tashi. Maganar da ke cikina ba ta zaure ba ce. Shi ya sa na ba 'yar'uwata Yaya Delu wannan takarda, tunda ita ba mai tare ta a ƙofa.

Kin dai ji labarin motar. Kashegarin suna Alhaji ya aiko direba da Fijo fara ƙal, wai tukwicin na sa wa yaro sunansa. Unguwa ta taru, har da masu shafa ta suna leƙa madubi. Na yi murna, ba zan ɓoye maki ba. Sai da na je godiya na gane ashe motar da igiya ta zo. Ya ce ya ji ina neman ƙaro ilimi, don haka ya yanke: in tafi Zariya in yi digiri na biyu kan harkar kasuwanci, ina zuwa gida duk mako, in na gama in hau kujerar manaja a kamfaninsa na siminti. Kin san ba a musu da suruki. Ina nan kaina a ƙasa ya shafa fatiha.

Sabuwa, wallahi ban yarda ba. Gwamnati ta ba ni sikolashif zuwa Ingila, shekara biyu, in karanta tsarin sarrafa bayanai. Na san za ki ce mene ne wannan kuma. Kin tuna kwamfuta, na'urar da na ba ki labari tun ina ɗalibi a Zariya, wadda ake ajiyewa a ɗaki mai sanyi ana ba ta katin da aka huhhuda? Akwai masu karanta cikinta zalla, lissafi tun safe har dare, na duba wannan kwas ɗin na ga ba nawa ba ne. Na kasuwanci kuwa, kowane ɗan Alhaji shi yake yi yanzu. Wanda nake so yana tsakaninsu: mutum ya san abin da kamfani ko ma'aikata ke bukatar sani, sannan ya tsara yadda na'ura za ta riƙa fitar da shi a kan kari. Bara jiragen siminti suka yi layi a tekun Ikko wata da watanni, wannan ofis ya yi oda, wancan ma ya yi, babu wanda ya san abin da ɗan'uwansa ya sayo. Kuɗin fetur ya zo mana kamar ruwan Agusta, amma ba mu da randa.

Zan nemi wanda zai kai wa Alhaji maganata cikin ladabi. Ki taya ni da addu'a, kada kuma ki ce wa kowa komai tukuna.

Ni ne mijinki,
Sammani

Ƙofar Kwaya
Yuli, 1976

Sabuwa tawa,

Ina gaishe ki, ina gaida Abba. Yaya Delu ta ce ya yi kumatu, ke kuma kin yi haske har kin fara yi mata iyayi. Allah Ya ƙara lafiya.

Ba a sami ɗan aike ba. Kawu Idi na fara zuwa wurinsa, tunda shi ya karɓa mani aurenki. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce halan boko ya taɓa mani ƙwaƙwalwa, wa ya taɓa jin an ba mutum mota da kujera ya ce shi na'ura yake so? Daga baya na ji ashe yana neman kwangilar kai siminti Daura a hannun Alhaji. Malam Ado na masallacinmu ya saurare ni tsaf, ya yi mani wa'azin haƙuri, ya sallame ni. A ofis kuwa sun raɗa mani Malam Kwamfuta, wai zan tsallaka teku in koyo aikin buga tafireta. Kowa ya shiga motar nan sai ya tuna mani cewa wanda ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Allah Ya yafe mani, ba Alhaji nake kira kuturu ba, amma maganar ta zauna.

Kin san Katsina, zance ba ya kwana. Kafin in sami mai kai maganata, ita ta kai kanta. Shekaranjiya aka aiko mani cewa ko kin yi arba'in ba za ki dawo ɗakinki ba sai na karɓi gurbin Zariya. Haba! A kan karatu za a riƙe mani mata da ɗa? Raina ya ɓaci har na kasa cin tuwo.

Jiya da hantsi na wanke motar da hannuna, na tuƙa ta har ƙofar gidanku. Na cire takalmi, na tsuguna, na ajiye makullin a gefen buzunsa. Na ce masa na gode, Allah Ya saka da alheri, amma ba zan iya zuwa Zariya ba, Ingila zan tafi, kuma da iyalina nake son tafiya. Mutanen da ke zaune kowa ya sunkuyar da kai kamar an yi mutuwa. Alhaji kuwa ya kawar da kai daga gare ni. Ya juya ya tambayi na kusa da shi ko an sami ruwa a gonarsa ta hanyar Jibiya. Na tashi na tako da ƙafa har gida, yau kuma na sa an gyara mani tsohon kekena.

Ba zan yi maki ƙarya ba, ina jin tsoro. Aikin da zan koyo, a yanzu ko suna babu gare shi a Katsina. Mai yiwuwa in dawo in tarar abokaina sun gina benaye ni ina kan keke. Amma in na hau kujerar da aka ba ni don ina mijin ɗiya, duk ranar da na buɗe baki za a tuna mani wanda ya ɗora ni. Ba zan iya ba, ko da za a ce ni ne mahaukacin garin nan.

Ubanki ne, ba zan ce ki saɓa masa ba. Na dai gaya maki inda na tsaya. Ɗakin nan ya yi mani girma, ko shimfiɗarki ban bari an taɓa ba.

Naki har kullum,
Sammani

Ƙofar Kwaya
Yuli, 1976

Uwar Abba,

Barka da arba'in. Allah Ya raya mana, Ya ba ki ladan wahalar da kika sha. Ina fata kin tashi lafiya.

Yaya Delu ta shigo tana guɗa tun daga zaure, har maƙwabta suka leƙo. Ta ce kin durƙusa gaban Alhaji kin ce ke matar aure ce, kina roƙon ya sa maki albarka ki koma ɗakinki, inda mijinki ya nufa nan kika nufa. Sabuwa, ashe haka kike? Ni da nake ganin ko kaza ta harare ki sai kin yi kuka! Na shiga ɗaki na rufe ƙofa don kada Yaya ta ga idona ta sami abin yi mani tsiya har tsufa.

Ta kuma gaya mani sauran. Alhaji ya ce ba zai riƙe ki ba, amma babu gara, ko ƙwayar shinkafa ba za ta biyo ki ba, babu mota, babu 'yan rakiya. Na san abin da ciwo. Kin sha ba ni labarin garar da aka yi wa yayarki Binta, buhu kan buhu, mata na ta zuwa kallo. Ke kuma haihuwar fari za ki dawo daga ke sai goyo. Saboda ni ne, kuma ba zan manta ba.

Hajiya ta ba da shawara wai a kawo ki bayan isha'i ta lungu, don kada mutane su ga hannunki wayam. Kawu Idi kuma ya ce in sayi buhunan shinkafa a ɓoye a ɗora a kura a biyo ki da su, a ce daga gidanku ne. Na gode masu duka, amma a'a. Me muka sata? Ba buhu na aura ba. Wanda zai yi dariya ya yi ta yau, mu huta.

Na sa an yi wa ɗakin farar ƙasa, na kuma yi magana da mai hoto na bakin kasuwa, jibi zai ɗauke ku ke da Abba saboda fasfo. Kafin mu tashi za mu je tare mu yi wa Alhaji sallama, ko zai amsa ko ba zai amsa ba. Sunansa yaron nan yake ɗauke da shi, wannan kuwa ba kyautar da ake mayarwa ba ce.

Ki sa atamfarki mai kore, ki goya shi da kyau. Ku taho da Yaya Delu bayan la'asar, lokacin da kowa ke zaune a ƙofar gidansa, kuma ku biyo ta babban titi. Za ki tarar da ni tsaye a bakin zaure, kekena a jingine.

Mijinki mai jiranki,
Sammani