Idon Baba da ɗinkin Umma

Yayana,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da iyali, Allah ya ƙara rufa asiri. Mu nan alhamdu lillahi, ƙafar Gwaggo ta yi sauƙi, Auta ta koma makaranta. Ni ce dai na kasa zama wuri ɗaya, in shiga ɗaki in fito, ban san abin da na shiga ɗaukowa ba.

Maganar idon Baba ce. Likita ya ce na hagu ya riga ya tafi, na dama kuwa ana iya ceto shi idan aka yi aiki da wuri. Baba ya ƙi. Ya ce jarrabawa ce, ba zai nuna wa Ubangijinsa gajen haƙuri ba. Na tuna masa addinin da ya umarce mu da haƙuri shi ya umarce mu da neman magani. Ya ce lallai na zama malamar gidan nan, saura in ja shi salla. Sannan ya kawo hujjarsa, wai har yau babu wanda ya dawo masa da ɗinki, ke nan idon bai hana shi aikinsa na tela ba.

Gaskiya ya faɗa, amma sai makon jiya na gano dalili. Duk rigar da ya gama, Umma takan ɗauke ta da sunan guga, ta warware, ta daidaita wuya da aljihu a kekenta, sannan ta mayar masa ya ba mai ita. Tana ganin rufa masa asiri take yi, ashe hujjar ƙin asibiti take ɗinka masa.

Jiya na same shi a shago na faɗa masa komai. Ya daɗe yana shafa kan keke, sannan ya ce ai ya sani. Umma tana ƙulle zare sau biyu a ƙarshen ɗinki, shi bai taɓa yin haka ba, yatsunsa sun gane tun rigar farko. Ya yi shiru ne don ta sami abin yi maimakon kuka. Ya kuma ce abin da yake kira haƙuri rabinsa tsoro ne: yanzu yana ganin inuwar mutane, yana gudun ya kwanta a gaban likita ya tashi babu ko inuwar.

Bai amince ba tukuna. Ya ce a ji ta bakin babban ɗansa. Don Allah idan ka kira, kada ka yi masa wa'azi, ya fi mu sani. Ka ce masa kana tafe, ka faɗi rana, kai za ka riƙe hannunsa zuwa ƙofar ɗakin aikin.

Ka gaida Anti da yara: Kawu, da 'Yar Baba, da jaririnku Sarkin Kuka. Umma tana gaishe ku, ba ta san na faɗa masa ba.

Ƙanwarka mai jiran amsa.