Kunyar Dije Ce Kuka Auna?

Zuwa ga Shugaban likitocin da suka ɗauki hoton ƙwaƙwalwar mata fursunoni,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, sunana Hajara, malamar firamare ce ni a wata ruga kusa da Kanya Babba. Sau biyu ina aika maka takarda ta hannun ma'aikatan gidan yari, shiru. Shi ya sa na rubuto a fili, don tsoro ya hana ni sakat.

Ƙanwata Dije tana cikin matan da kuka duba da damina. Ba zan wanke ta ba. Shanunmu sun shiga gonar wake, rigima ta kaure, ta karya wa matar mai gonar hannu da sanda. Ta amsa laifinta, an ɗaure ta, saura wata biyu ta fito. 'Yarta ta fari, Ramatu, mai shekara bakwai, a hannuna take tun yaye.

Abubuwa uku ke damuna. Na farko. Kafin a kai Dije asibitin birni a tura kanta cikin na'ura, an zaunar da ita an yi mata tambayoyin da ake gane masu busasshiyar zuciya da su, marasa tausayi da nadama. Ta gaya mini wani matashin likita ya tambaye ta sunan 'yarta, ta kau da kai. Ya ce ko tana kewarta, ta ce a'a. Ya ce ta dube shi, ta ƙi. Shi kuwa ya yi ta rubutu. Ranka ya daɗe, a wurinmu Fulani uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta nuna son sa a gaban mutane, balle gaban baƙon namiji. Ni ce 'yar fari a gidanmu. Innarmu har ta rasu ba ta taɓa ambaton sunana ba, amma ita ce ta taka a ƙasa har Roni, inda nake a lokacin, ranar da ta ji na kwanta ciwo. Cikin mutanenka akwai wanda ya san wannan?

Na biyu. An sa ta dangwala yatsa a takardar Turanci, aka ce sirri ne. Ban san bakin da ya fitar ba, amma ranar kasuwar Babura, a rumfar masu nono, na ji da kunnena ana cewa an leƙa kan Dije da inji, an ga jijiyar tausayinta ba ta haɗu ba. Nan take na bar kasuwar. Na je Kazaure na tambayi wata ma'aikaciyar lafiya. Ta ce irin wannan hoto yana nuna yadda sassan ƙwaƙwalwa ke isar wa juna saƙo, kuma sai an tara na mutane da yawa ake kwatantawa, ba a yanke wa mutum ɗaya hukunci da shi. In gaskiya ne, kai ya kamata ka faɗa. Ni ba mai saurarona.

Na uku, kuma shi ne ya fi razana ni. Maganar ta kai ga dangin mijin Dije. Baffan Ramatu ya zo ya ce da an cire amfanin gona za su tafi da ita ƙetaren iyaka tare da shanu, kafin uwar ta fito, wai kada ta girma kusa da mai irin wannan kai. Na yi masa faɗa. Amma bari in tona kaina. Kwanan baya ɗan tsakon Ramatu ya mutu, ba ta yi kuka ba, sai na tsinci kaina ina kallonta ta gefen ido. Ranar na ɗauke wuƙar yanka kuɓewa na soke ta a rufin ɗaki. Yarinyar da na goya nake ɓoye wa wuƙa. In ni na kai nan, ina ga baffanta?

Roƙona biyu ne. Ka rubuto da Hausa, da hatiminka, cewa hoton nan bai nuna Dije muguwa ba ce, bai kuma ce komai game da 'yarta ba, in kai wa dattawan rugarmu kafin kaka ta wuce. Sannan a sake yi mata tambayoyin ta bakin mace Bafulatana.

In za a sake, kada a nemi suna, ba za ta faɗa ba. Duk zuwan da na yi, tana miƙo mini sabulun da ake raba musu, a ƙulle a gefen zane, ta dubi bango ta ce a kai wa waccan. Ita da ruwa zalla take wanka. A tambaye ta wa take tara wa sabulun.

Allah ya yi maka jagora, ya raya maka zuri'a, ya sa kada a taɓa raba ka da ɗanka saboda hoto.

Wassalam.

Hajara, yayar Dije.