Takardar da na je nema a Maraɗi

Talata da dare, 9 ga Sha'aban, Madarumfa

Yau na ji kunyar da ban taɓa ji ba. Na ce wa ƙanwata Hadiza ta raka ni Maraɗi sayen atamfa, alhali biron lauya, wato ofishinsa, zan kai ta. Shekara goma sha ɗaya ban haihu ba, sai na ji wai likitoci na dasa ɗan wata a mahaifar wata. Na so a rubuta takarda cewa Hadiza za ta ɗaukar mini ciki, kuma ba ta da ta cewa a kan ɗan.

Lauyan ya ce wadda ta haifa ita takarda ta sani uwa. Sannan ya dubi Hadiza. "Ke da maigidanki kun yarda?"

Ta ce, "Yanzu nake ji."

Muna mota a hanyar komowa, har mun hango tabkin garinmu. Sai Hadiza ta ce, "Yaya, watan gobe zan yaye Ummi. Ke muka shirya kawo wa riƙo, babanta ma ya yarda."

Ita kyauta ta yi niyya, ni kuwa lauya na nemo mata. Gobe da wane ido zan dube ta?